Gwiwar hannun ɗan besbol ba kayan gyaran mota ba ce

Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muke kallo, amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku kan besbol, don akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya a gasar MLB ta Amurka. Kusan ɗaya cikin uku na masu jefa ƙwallo a gasar an taɓa yi musu tiyata a gwiwar hannu. Abin ya zama ruwan dare, har ana ba da labarinsa kamar mutum ya tafi hutu ne zai dawo.

Ga yadda abin yake. A gwiwar hannu, ta ɓangaren da ke kallon haƙarƙari, akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa, likitoci suna ce mata UCL. Mai jifa yana wurga ƙwallo da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wani lokaci kusan sau 100 a wasa ɗaya, kuma duk jifa sai an ja jijiyar nan. Yau da gobe sai ta saki ko ta tsinke. A da, idan haka ta faru, shi ke nan, sai mutum ya nemi wata sana'a.

A 1974 ne likitan ƙungiyar Dodgers, Frank Jobe, ya gwada wani abu a hannun hagun ɗan wasansu Tommy John. Ya zaro wata jijiya daga hannunsa na dama, ya huda ƙasusuwan gwiwar, ya zura ta cikin ramukan ya saƙa kamar lamba 8. Shi kansa likitan cewa ya yi damar dawowa ba ta wuce ɗaya cikin ɗari ba. Mutumin nan ya zauna a benci duk kakar 1975, ya dawo 1976, bai ajiye wasa ba sai 1989 yana da shekara 46. Wasa 124 ya ci kafin aikin, 164 bayansa. Shi ya sa har yau ake kiran aikin da sunansa.

To, wannan nasarar ce ta zama tarko a ganina. Kowa Justin Verlander yake nunawa: an yi masa aikin a 2020, bai buga 2021 ba, ya dawo 2022 yana da shekara 39 ya lashe kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon masu jifa. Gaskiya ne. Amma idan aka ce wajen 80 cikin 100 suna dawowa, a tambaya: dawowa ina? Akwai wanda ya dawo ya yi kaka ɗaya ya ɓace, akwai wanda ƙarfin jifarsa ya dawo amma saitin ya gudu. Su kuma ragowar da ba su dawo ba, ba wanda yake zuwa hira da su. Jinyar ma ba wasa ba ce, wata 12 zuwa 18. Makonnin farko hannu na ɗaure cikin ƙarfe mai lanƙwasa, ana buɗe shi kaɗan-kaɗan. Sai an yi kusan wata huɗu kafin a bar ƙato mai kwangilar miliyoyi ya tsaya 'yan taku daga abokinsa yana miƙa masa ƙwallo a hankali, ana ƙirga kowace jifa a takarda.

Akwai wasu hanyoyin. Idan jijiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba, ana iya hutawa a yi allurar jinin mutum da aka tace. Masahiro Tanaka na Yankees haka ya yi a 2014, ya ci gaba da wasa shekaru ba a taɓa jijiyar da wuƙa ba. Shohei Ohtani ya gwada allurar a 2018, duk da haka watan Oktoba na shekarar sai da aka yi masa aiki. Sa'a ce kawai da irin yagewar.

Sabuwar hanyar da ake yayi ita ce ɗaurin ciki, wadda likita Jeffrey Dugas na Birmingham a jihar Alabama ya fara a 2013. Maimakon a dasa sabuwar jijiya, sai a ɗinke ta ainihin a mazauninta, a ƙara mata wani zare mai ƙarfi ya tallafe ta. Ana cewa jinyarta ta fi gajarta, kuma ga matasa haka ne. Sai dai tana buƙatar jijiyar da ba ta gama lalacewa ba, kuma ga manyan masu jifa ban ga gajartar da ake kururutawa ba. Spencer Strider na Atlanta an yi masa a Afrilun 2024, bai dawo ba sai Afrilun 2025, kuma gudun jifarsa ya ragu. Ohtani da aka sake yi wa aiki a Satumbar 2023 bai koma jifa ba sai Yunin 2025. Shi dai Allah ya ba shi iya buga ƙwallo da sanda, ya yi kakar 2024 yana bugu. Wanda jifa kaɗai ya iya fa?

Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta ɗora laifin yawan ciwon kan agogon da aka kawo a 2023 don a riƙa jifa da sauri. Wataƙila yana da nasa kason, amma ciwon ya girmi agogon. Rahoton da MLB ta fitar a Disambar 2024 ya nuna yatsa ga tseren ƙarfin jifa, kuma nan nake. Ƙungiyoyi suna biyan wanda ya fi wurgi da ƙarfi, idan hannunsa ya tafi akwai wani matashi a layi. Ɗan wasa ya san haka, don haka zai zuba iya ƙarfinsa a kowace jifa ko da gwiwar za ta biya.

Abin da ya fi tayar min da hankali yara ne. Wani bincike na 2015 a Amurka ya gano fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin 'yan shekara 15 zuwa 19 ne. Har akwai iyaye da masu horarwa da suka yarda cewa tiyatar tana ƙara ƙarfin jifa, wai gara a yi wa yaro tun hannunsa lafiya lau. Likitocin da ke aikin sun sha ƙaryata wannan: idan yaro ya dawo da ƙarfi, shekara guda da ya yi yana atisayen kafaɗa da ƙugu ce ta ba shi, kuma wanda aka yi wa aikin yana ɗan 16, idan jijiyar ta sake tsinkewa, aiki na biyu bai cika kyau kamar na farko ba.