Ba a taɓa kawo shi ba ne

Jiya na je garinmu ta'aziyyar wani aminin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na tafi da babban yarona, shekararsa 11. Ban ɗauke shi da wata niyya ba, hutun makaranta aka yi, mahaifiyarsa ta ce zaman gida ya ishe shi, in fita da shi ya sha iska.

Mun iso ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, dattawa sun jeru. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ina ɗago kai sai na ga yaron nan ya hau tabarma da takalminsa, yana tsaye ƙiƙam, ya miƙa wa ɗan mamacin hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da wayata. Bai ce ya haƙuri ba, bai ce Allah ya jiƙan rai ba. Aka ɗaga hannu ana addu'a, shi yana kalle-kalle. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zabura zan daka masa tsawa, sai wani tsoho da ke kusa da ni ya riƙe mini hannun riga. Ya ce, "Ƙyale shi, ɗana. Ba a taɓa kawo shi ba ne." Ya yafito yaron, ya ce, "Zo nan, abokina. Cire takalminka. Yauwa. Durƙusa, ka ce ya haƙuri." Yaro ya yi, har da sunkuyar da kai. Abin bai ɗauki minti biyu ba.

Tun daga can har muka dawo gida maganar tsohon nan tana cina. Ba a taɓa kawo shi ba. To wa zai kawo shi in ba ni ba?

'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kullum muna cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya, ba sa gaisuwa, ba su san babba ba. Mu da muka san babba, a wane aji aka karantar da mu? Ni dai ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake ta'aziyya. Bin mahaifina nake yi a baya, ina riƙe masa buta ko buzun salla, in ga ya durƙusa in durƙusa, in ji abin da ya faɗa in maimaita a zuci. A zaure na koyi cewa ba a katse babba. A wajen aike na koyi sallama sau uku, in ba a amsa ba in juya. Kwano ɗaya muke ci mu shida, a nan na san ƙarami ba ya fara kai hannu kan nama, ba ya lashe hannu ya mayar. Da dare kakarmu ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, kafin a kai ƙurunƙus mun ga inda haɗamar Gizo ta kai shi.

Ku tuna Umar ɗan Abu Salama, yana yaro a gidan Manzon Allah (SAW), hannunsa yana yawo a cikin akushi. Aka ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Gyaran nan a bakin akushi aka yi shi, saboda yaron yana zaune tare da babba. Yau ɗana a ɗakinsa yake cin abinci, shi kaɗai, da faranti da cokali da waya a jingine a gabansa. Yaushe zan ga hannunsa balle in gyara?

Mun gina katanga mai tsawo, mun sa ƙofar ƙarfe, mun ce kada su fita su lalace. Na san tsoron da ke ranmu, zamani ya zo da abin tsoro. Amma mun hana su maƙwabta, mun hana su dangi, sannan mun damƙa musu waya mun ce ta yi mana reno. Yaro ba ya zama haka nan, dole ya kwaikwayi wani. In bai ga baffansa ba, zai kwaikwayi wanda yake gani a TikTok. Akwai yaron da bai san bambancin goggo da inna ba, kowa anti ce. Kakarsa ta tsokane shi ta ce mijina ya zo, ya ɓata rai ya kai ƙara, don bai san wasan jika da kaka ba. Mu kuma mu yi dariya mu ce ai ɗan boko ne. Haba jama'a! Abin kuka muke wa dariya.

Kuma kada wani ya ce ai na sa shi Islamiyya. Malam zai karantar da shi hakkin maƙwabci a littafi, amma in bai taɓa ganin ka shiga duba maƙwabcinka mara lafiya ba, karatun a allo zai tsaya.

Don Allah mu riƙa tafiya da su. Suna, ɗaurin aure, dubiya, gaisuwar salla, ko da za su ba mu kunya a karon farko. Iyaye mata, ku ma ku riƙa jan 'yan matan nan zuwa barka da gidan biki. Ku bar su su zauna kusa da tsofaffi tun tsofaffin suna raye.

Da muka shigo mota ɗana ya ce, "Abba, in aka ce maka ya haƙuri, me ake cewa?" Na ce ana cewa da godiya. Ya yi ta maimaitawa a hankali har muka hau titi.

Ranar Juma'a akwai suna a layinmu, da sassafe. Na ce masa ya shirya hularsa. Allah ka yafe mana sakacinmu, ka shirya mana zuri'a. Don Allah ku tafi da naku.