Motar Alhaji Ba Ta Shan Mai

Ranar Alhamis ce da hantsi, cikin watan Afrilu, zafin Sakkwato ya fara nuna halinsa tun ƙarfe tara. A ƙofar gidan Alhaji da ke Mabera ga sabuwar mota fara fes, Hyundai Kona mai aiki da lantarki. Wata doguwar waya ta fito daga hancinta, ta ratsa tagar zaure, ta shige soket ɗin da aka saba jona rediyo. Direba, wani Bagobiri da ya tsufa a kan sitiyari, yana zaune a benci yana hararar motar. Gefensa Ɗan Boko ne, ɗan ƙanwar Alhaji, yana latsa waya. Jibi Asabar ake ɗaurin auren ɗiyar abokin Alhaji a Abuja.

ALHAJI: Kai, Bagobiri! Leƙa muna, ta ƙoshi?

DIREBA: Ranka shi daɗe, ni allurar mai nis sani. Wagga ba ta da allura, sai lambobi. Ta rubuta 28.

ALHAJI: Lita 28? Madalla, a sa kaya.

ƊAN BOKO: Ba lita ba ce, Kawu. Kashi 28 cikin 100 ne na batir.

ALHAJI: Kashi mi? Tun bayan Isha'i anka jona ta! Dare guda cur tana ci, sannan ka ce min ko rabi ba ta kai ba?

ƊAN BOKO: Da 15 aka jona ta. Wuta ta zo sha ɗaya na dare, aka ɗauke ta ƙarfe uku. Awa huɗu ke nan. Batirin nan yunit 64 yake ɗauka, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Soket ɗin zaure kuwa yunit biyu da ɗan ɗoriya yake bayarwa a awa. Ko wuta ba ta ƙifta ba, daga babu zuwa cika sai an yi awa 30.

ALHAJI: To in ta ci gaba da zuwa awa huɗu-huɗu hwa?

ƊAN BOKO: Kwana shida, in Allah ya yarda.

DIREBA: Ashe ba ɗaurin aure za mu ba, gaida amarya za mu.

ALHAJI: Yi min shiru. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu yac ce tallahin mai ya tahi, nic ci alwashin sai na daina tsayuwa gidan mai. Kuma na daina. Ka sake ganina cikin layi?

DIREBA: A'a, Alhaji. Yanzu ƙofar gida muka layi, mu kaɗai.

(Mai Cajin Waya, wanda rumfarsa ke kusurwar layi, ya daɗe yana kasa kunne. Ya taso yana goge hannu da riga.)

MAI CAJI: Alhaji, barka da hantsi. Caji ai sana'ata ce. A turo min ita rumfa, na yi maka ragi don maƙwabtaka.

ALHAJI: Nawa ka ka caji?

MAI CAJI: Naira ɗari kowace waya. Ita wannan babba ce, a ba da ɗari biyar.

ƊAN BOKO: Ka san abin da kake cewa kuwa? Wutar da ke cika motar nan za ta cika wayoyi wajen 4,000.

MAI CAJI: (ya ɗan yi lissafi da yatsu) To, Alhaji, naira 400,000 ke nan. A bar ɗari biyar ɗin, kuskure ne.

ALHAJI: Tashi ka ba ni wuri! Da wane janareto? Wancan ɗan mitsitsin da ka tari in an jona mai fanka?

ƊAN BOKO: Wancan ko yunit guda ba ya kaiwa a awa. In ma motar ta yarda ta karɓa, sai ya kwana uku yana kuka.

(Sai ga Bakanike, Bayarabe haifaffen Sakkwato, a kan babur, da jakar sifana a baya. Ba wanda ya kira shi. Labari ne ya kai gareji.)

BAKANIKE: Alhaji, ina kwana. An ce min bawana ya kasa tada mota.

DIREBA: Ji min ɗan nema! Yaushe bawa yaz zama mai gida? Kakanka ma kakana yad ɗauko shi bisa doki.

BAKANIKE: Buɗe min bonet, kai dai, ka bar tarihi. (Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.) Alhaji, ina injin?

ALHAJI: Ga shi nan gabanka.

BAKANIKE: Ba fulogi. Ba kafireta. Ba inda ake zuba baƙin mai. Salansa ma babu. Alhaji, wanda ya ƙera wannan motar ba ya son 'ya'yana su ci abinci.

DIREBA: Karo na hwarko da nij ji ina son motag ga.

BAKANIKE: Amma akwai dabara. A sa babban janareto a but, a jawo waya ta taga, tana tafiya tana sha.

ƊAN BOKO: Ba ta karɓar caji tana tafiya. Muddin wayar na jikinta ko motsi ba za ta yi ba, haka aka yi ta.

BAKANIKE: To a tsaya a kunna.

DIREBA: A kunna da mi?

BAKANIKE: Da fetur mana.

DIREBA: Ka ji ko, Alhaji? Mun gudu daga gidan mai, za mu koma da jarka.

ALHAJI: Kai Ɗan Boko, kuɗɗin makaranta da ni ka biya ba don ka riƙa ce min “ba ya yiwuwa” ba na. Ba an ce akwai wurin caji cikin jami'arku ba?

ƊAN BOKO: An buɗe shi, Kawu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, da hasken rana. Hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa ce ta yi shi lokacin Jelani Aliyu na shugabanta.

ALHAJI: Jelani namu! Wanda yaz zana wa Amurkawa motar Chevrolet Volt. Kun gani? Ɗan Sakkwato na. To mi ya rage? A kai ta can ta sha rana, rana kam ba mu da talaucinta.

ƊAN BOKO: A ce ma ta cika fal. Sai kuma me? Abuja ta wuce kilomita 600 daga nan.

ALHAJI: Mai sayarwa ya ce tana 480 da caji guda.

ƊAN BOKO: A takarda. An auna wannan ne da esi a kashe, cikin yanayi mai daɗi, ba a zafin da ya haura digiri 40 ba. Kai kuma ba ka shiga mota sai esi na ƙarshe. Ga Baba Direba, in bai ga 120 ba gani yake an zage shi. Gudu da sanyi duk daga batir ɗaya suke ci. Dole a ƙara mata wuta a hanya, in ana son kwanciyar hankali ma sau biyu.

ALHAJI: To a ƙara mata. Ina da aboki Gusau, ina da suruki Zariya. Duka suna da soket.

DIREBA: Mu kwana guda da yini Gusau, mu sake kwana guda da yini Zariya, in an bar wuta. Alhaji, da raƙumi ma an yi wagga tahiya da sauri haka.

Nan fa Ɗan Boko ya ajiye waya, ya gyara zama, don an zo wurin da yake so.

ƊAN BOKO: Abin da ya raba tafiyar kwana uku da ta yini ɗaya shi ne caja mai sauri. Wutar gida ba ta shiga batir kai tsaye. Sai ta bi ta wata ƙaramar na'ura a cikin motar da ke juya ta zuwa irin wadda batir ke sha, ita kuma a wannan motar iyakarta yunit bakwai a awa. Shi ya sa ko an kafa maka caja ta musamman a bango sai ta yi awa tara zuwa goma. Caja mai sauri kuwa akwati ce babba a tsaye, ita ke juya wutar da kanta ta ɗura wa batir kai tsaye. Mai ba da yunit 50 a awa za ta ɗaga motar nan daga kashi 10 zuwa 80 cikin kamar awa ɗaya. Wadda ta fi ta ƙarfi, ƙasa da haka.

ALHAJI: Awa guda?

ƊAN BOKO: Ka yi alwala, ka yi Azahar, ka ci tuwo, kafin ka gama sakace ta shirya.

ALHAJI: Mi ya sa 80? Ni kuɗɗina cikakku nib biya, cikakken caji ni ka so.

ƊAN BOKO: Daga 80 motar da kanta take rage shan wutar don kare batir. Wannan 20 ɗin na ƙarshe yana iya cin lokaci kusan kamar na farkon duka. Matafiyi ya fi riba ya cire a 80, ya ƙara a gaba. In batir ya yi zafi sosai ma takan rage sauri, saboda haka cajin tsakar rana a garin nan sai da haƙuri.

DIREBA: To tsaya, yaro. Ni hanyag ga na san ta kamar yunwar cikina. Dange, Tureta, Talatar Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Kwatarkwashi, Tsahe, Funtuwa. Na san mai tsire na kowane gari, na san mai faci. Ban taɓa ganin akwatin da ka ka hwaɗi ba. Kuma tsakanin Gusau da Funtuwa ba wurin da mutum ka so magariba ta riske shi yana jiran lambobi su hau ba na.

Kowa ya yi shiru, don wannan ba ta dariya ba ce. Cikin shirun nan Bafulatani ya iso, mai kiwon shanun Alhaji, da sanda a kafaɗa. Ya zagaya motar sau biyu, ya tsaya a kan wayar.

BAFULATANI: Alhaji, ɗaure ta aka yi? Tana gudu ne?

ALHAJI: Ci takai, Jauro. Wuta ta ka ci.

BAFULATANI: To ku da ita ina za ku?

ALHAJI: Abuja.

BAFULATANI: Mashayarta nawa a hanya?

ALHAJI: Shi na mu ka shawara.

BAFULATANI: Bayan an saya ake shawara? Mu in za mu tashi da shanu, ba ƙibar sa muke dubawa ba. Sai mun aika yaro ya bi burtali, ya dawo ya ce ga tafki a wuri kaza, ga kogi a wuri kaza. In ya ce rijiya ɗaya ce da guga ɗaya, ba mu tashi, don kafin ta ƙarshe ta sha ta farko ta sake jin ƙishi. Saniyarka lafiyayya ce, Alhaji. Burtalin ne ba ruwa.

ƊAN BOKO: Wallahi abin da na yi shekara huɗu ina karanta ke nan.

BAFULATANI: Nawa aka biya maka?

BAKANIKE: To ni ga tambaya. In an kafa akwatin a garejina, kowace mai lantarki za ta sha?

ƊAN BOKO: Sai bakin ya dace. Ta Alhaji irin na Turai gare ta. Tsofaffin Nissan Leaf na Japan nasu daban, waɗanda aka yi wa kasuwar China nasu daban, Tesla ta Amurka ma haka. Kuma akwati ɗaya sai an ja masa wuta mai ƙarfi, ko a shimfiɗa faifan sola masu yawa da batura.

BAKANIKE: Ashe ko a wuta akwai ƙabilanci.

ALHAJI: Ku saurara. Na riga na hwaɗa wa mutane da wagga mota ni ka zuwa. Uban amarya ya ce a bar min wuri gaban rumfa. In nis sauka daga motar haya, da wane ido za ni dubin su?

DIREBA: Mu ɗauki tsohuwar mana, ranka shi daɗe. Tankinta cike yake.

ALHAJI: Wa yac cika shi?

DIREBA: Ni. Tun ranar da kas sayo wagga.

(Alhaji ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Can sai ya juya wajen Bafulatani.)

ALHAJI: Jauro, tirelar da za ta kai shanu kudu, yaushe ta ka tashi?

BAFULATANI: Gobe da asuba. Ta Abuja za ta bi.

ALHAJI: Akwai wuri baya?

BAFULATANI: In an rage bijimai huɗu.

ALHAJI: A rage su. A ɗora motar, a sauke min ita Zuba, a wanke ta. Kashi 28 ya isa daga Zuba zuwa wurin biki?

ƊAN BOKO: Har da dawowa Zuba, Kawu.

ALHAJI: Alhamdu lillahi. Ni jirgi za ni bi. Bagobiri, kai ka zauna cikinta ka tsare min ita, kada sa shi soke min fenti.

DIREBA: Cikin tirelar shanu, Alhaji? Da wanga zahi? To esi dai zan kunna.

ALHAJI: Ka taɓa min esi, in ga 27, daga albashinka.

BAKANIKE: Bawana, in ka ji ƙishi ka roƙi maƙwabtanka nono.

MAI CAJI: Alhaji, wayar Baba Direba fa? Tafiyar da nisa. A kawo in cika masa ita, naira ɗari.