Ba kowace katantanwar rafi ce ke ɗauke da tsargiya ba

A Zariya, da yaro ya ɗago dutse a bakin Kubanni ko Galma ya ga 'yar katantanwa manne da shi, sai a ce ya yar, ai ita ce mai kawo tsargiya. Tsoron yana da dalili, amma an haɗa mai laifi da marar laifi.

Akwai wasu ƙanana da bawonsu ba ya murɗewa sam, kife yake kamar malfa, tsawonsu 'yan milimita kaɗan. Masana na kiran jinsinsu Ferrissia da Burnupia. Suna lafewa a jikin duwatsu da ƙarƙashin ganyen bado, suna kankarar gansakuka. Burnupia ta fi son ruwa mai wadatar iska, wasu Ferrissia kuwa kan toshe bakin bawonsu su jure ƙafewar ruwa. Waɗannan ba su yaɗa tsargiya ga mutum.

Masu laifin danginsu ne. Bulinus, mai murɗaɗɗen bawo da baki ta hagu, ita ke rainon tsutsar tsargiyar fitsari. Biomphalaria, mai faffaɗan naɗi, ta hanji.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton sai an taɓa katantanwa ake kamuwa. Tsutsar fitowa take ta bi ruwa, ta huda fatar mai wanka, mai wanki ko manomin rani. Saboda haka yar da dutsen bai kare yaro ba muddin yana tsaye cikin ruwan. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, akwai maganin praziquantel.