Alherin Allah da tunkiyar da Mama ta sayar

Tun shekaranjiya wani bidiyo yake yawo a wayoyinmu, mutum uku suka turo mini shi. Wani mai wa'azi ne yake ce wa jama'a duk mai son Allah ya shafe masa tsohon zunubi ya fito gaba ya "shuka iri", har da yanka adadin kuɗin. A gefen hoton na hangi wata tsohuwa tana kwance bakin zaninta. Abin ya tsaya mini a rai har barci ya gagara, shi ya sa na tashi nake wannan rubutu. Ku yi haƙuri da tsawonsa, 'yan'uwa.

Ina ɗan shekara 16 na saci kuɗin Zumuntar Mata. Mama ce ma'ajiya a ikilisiyarmu, tana ajiye kuɗin cikin gwangwanin madara a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai Kirsimeti. Na riƙa zara kaɗan-kaɗan, yau tsire da abokai, gobe gidan kallo, har gwangwani ya kusa komawa fanko. Ana saura mako guda ta kai lissafi gaban mata sai ta buɗe. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni ta ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ranar kasuwa ta ja tunkiyarta guda ɗaya tilo, mai ciki, wadda kullum take lissafin watan haihuwarta, ta sallama ta a kan abin da aka taya. Da dare ta kwashe tuwo, ni kuwa na maƙale a zaure, kunya ta hana ni shiga. Sai ta leƙo ta ce, "Zo ka ci abinci, tuwon zai huce. Na yafe maka."

Duk karatun Littafi Mai Tsarki da na yi daga baya, a kan wannan daren na ɗora shi. Ban biya ko kwabo ba aka yafe mini. Amma yafewar ta ci tunkiya, kuma mai yafewar ce ta yi asarar. Abin da muke nufi ke nan in mun ce an gafarta mana ta wurin gicciyen Almasihu. Allah bai kau da kai daga zunubi kamar ba a yi ba, ɗaukar bashin ya yi a kansa.

Kalmar "alheri" da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, kalma ce ta gida, amma tana ɗauke da nauyin da ya wuce yadda muka saba da ita. Mu kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu kan ce alheri gadon barci. Cikin karin maganarmu, mai alheri yana sa ran wata rana abin zai dawo masa, kamar gudunmawar biki da ake rubutawa domin a rama. Na Allah kuwa ya sauka ne a kan wanda ba shi da abin ramawa. Bulus ya rubuta wa Afisawa, a sura 2 aya 8 da 9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwa ce ta Allah, ba sakamakon ayyuka ba, domin kada wani ya yi fahariya. A Romawa 5:8 kuma ya ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu hannuwansa a kafe suke, ba baikon da ake bayarwa a coci, ba zakka, ba sauran lokacin gyara hali, amma a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi. To, wane iri ne shi ya shuka?

Wannan ciniki ma ba sabo ba ne. A 1517, a ƙasar Jamus, wani mai wa'azi Johann Tetzel yana yawo da takardun sassauta horon zunubi, talakawa suna biya, wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Shi ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Wittenberg. Cocin Katolika da kanta ta haramta haɗa waɗannan takardu da kuɗi a 1567, kuma a 1999 a Augsburg, Katolika da Lutheran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu kan sanarwa ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai Allah yake karɓar mu. Abin da Ikilisiya ta sha wuya a kansa shekaru aru-aru, yau wani ya dawo da shi da lambar asusun banki. Raina yana ɓaci ƙwarai in na tuna tsohuwar nan da bakin zaninta.

Sai dai akwai wani ciwo da ya fi wannan kusa da mu. Wani abokin aikina musulmi, mutumin kirki ne mai tsoron Allah, ya taɓa ce mini, "Malam, abin da ke ɗaure mini kai game da ku shi ne, in an riga an biya, me zai hana mutum ya ci haƙƙin wani ya je coci ya wanke? Mu dai mun san haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe." Ban ji haushinsa ba, domin na san inda ya ga abin. Mun sha ganin wanda ya cinye adashen mata, ko ya danne gonar marayu, ranar Lahadi ya miƙe yana ba da shaida cewa jinin Yesu ya wanke shi, alhali waɗanda ya cuta suna zaune a bencin baya. In sun yi magana a ce ba su da gafara.

Wannan ba koyarwar Yesu ba ce, ko kusa. Ku duba Zakka a Luka 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda gari duka ya tsana. Yesu ya sauka gidansa tun bai gyara komai ba, alheri ne ya riga shi isowa. Amma da alherin ya shiga gidan, Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya yanka masa farashi, zuciyarsa ce ta kasa ci gaba da zama a kan kayan mutane. Ni ma albashina na farko tunkiya na saya na kai wa Mama. Ta daɗe da yafewa, ba yafiya na je saya ba. Na kasa ne in ci kuɗin nan ina ganin turkenta babu komai. Ta riƙe igiyar ta yi ta kallona, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta juya don kada in ga idonta.

Wurin da ni kaina nake tuntuɓe shi ne yafe wa wani. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan ƙwadagon yini guda. In ka buga lissafi, bashin ya kai aikin shekara wajen 200,000. Bawan nan yana fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa saboda dinari 100, ƙwadagon wata uku da 'yan kwanaki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma namu muke mantawa, na wasu muke rubutawa.

Ba na cewa da sauƙi. A Arewa akwai waɗanda aka kashe musu 'ya'ya, aka ƙona musu gida da wurin sujada, ba ni da bakin da zan gaggauta su. Yafewa kuma ba ta hana a kai mai laifi gaban shari'a. Amma ina tuna Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992, da Imam Muhammad Ashafa da ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici. Sun haɗu a 1995, kowa da gaba a zuciya, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Nawa ƙorafin bai kai ƙurar nasu ba.

Duk da haka shekara uku ke nan ba na ga maciji da wani ɗan'uwana a kan filin gado. Kowace Lahadi ina buɗe baki in ce a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, in rufe ido kamar ban san abin da na faɗa ba. Matiyu 5:23 da 24 sun ce in ka kawo baiko ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye shi gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji a ikilisiyarmu, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. Na kira ɗan'uwan nawa ɗazu da yamma bai ɗauka ba. Gobe Asabar da sassafe zan hau mota in same shi a gida, ku sa ni cikin addu'a.