Sola ta zo, ruwa ya tafi

Gidan da nake ciki a Kano layin wutar lantarki uku ne aka ja masa, ja da rawaya da shuɗi, saboda injin bohol ɗinmu mai cin tiri-fes ne, wato sai da layukan uku tare yake aiki. Da zafin watan Afrilu ya isa matuƙa, sai na daure na sayo inbata mai ƙarfin 3.5 kVA da batura da faifan sola. Uwargida ta yi guɗa, har maƙwabta suka shigo yi mana barka.

Yaron da ya zo haɗawa, wanda unguwa duk ke kira Injiniya ko da yake ban taɓa ganin takardarsa ba, ya buɗe akwatin rarraba wuta ya tsaya yana kallo. Inbata waya ɗaya mai wuta take fitarwa, akwati kuma uku yake jira. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba matsala ba ce." Ya ɗauko guntun waya ya haɗe layukan uku wuri ɗaya ta ɓangaren inbatar. Fitilu suka kama, fanka ta juya, na ƙara masa kuɗin shan ruwa.

Washegari tanki ya ƙare. Na danna makunnin bohol, shiru. Na sake dannawa da bismilla, shiru. Na aika aka kira mai gyaran famfo, ya zaro injin daga rami da taimakon almajirai, ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Muna tsaye a kan injin, uwargida ta jona dutsen guga, firiza na aiki, yara kuma sun kunna butar dafa ruwa mai cin wat 2000. Inbatar ta fara kuka kamar ɗan tsakon da shaho ya sura, sannan gida ya yi ɗif. Ga sola a kan rufi, ga mu muna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.

Sai wani dattijon mai gyaran wuta ya warware mini. Ya ce tsakanin kowane layi da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi kusan 400, domin ƙarfin wutar layukan ba a lokaci guda yake hawa da sauka ba, kuma wannan saɓanin ne ke juya injin. Da aka haɗe su suka zama abu ɗaya, tsakaninsu sifiri, to me injin zai ci? Ya leƙa canjin-oba, makunnin da ke sauya gida tsakanin Nepa da inbata, ya ce, "Ka gode wa Allah wannan ya raba ku da wutar Nepa. Da babu shi aka kawo wuta a kan wannan haɗin, da ba ni za ka kira ba, 'yan kwana-kwana za ka kira."

Ya cire guntun wayar, ya kafa ƙaramin akwati na daban don fitilu da fankoki da talabijin, shi kaɗai inbata ke ciyarwa. Bohol da dutsen guga da butar suka koma jiran Nepa.

Injiniya kuwa ya aiko a tuna mini da cikon kuɗin aikinsa, har da na guntun wayar.