Mai Sa Rigar Tarihi a Dandamali Ba Aku Ba Ne

Har yau maganar da Richard Grenell ya yi a kan 'yan wasan Les Misérables, wani shahararren wasan dandamali mai waƙe-waƙe, ba ta bar raina ba. Masu bin labarai sun san yadda aka yi. A watan Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sauke shugabannin Cibiyar Kennedy, babban gidan wasanni da ke Washington, ya ɗare kujerar shugaban hukumar gudanarwarta, sannan aka sanar zai je kallon wasan ranar 11 ga Yuni. Rahotanni suka nuna wasu daga cikin 'yan wasan sun zaɓi kada su hau dandamali a wannan daren. Grenell, wanda Trump ya danƙa wa ragamar cibiyar, ya ce ba su ƙware a sana'arsu ba, har ya nuna ya kamata a fallasa su domin masu shirya wasanni su san waɗanda ba za su ɗauka aiki ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawan mutanen da suka gyaɗa kai, suna cewa ai ɗan wasa ɗan kwangila ne, an biya shi ya rera waƙa, sai ya rera ya kama hanyar gida.

Duk mai wannan ra'ayi bai tsaya ya duba abin da ake rerawa ba. Wasan ya samo asali daga littafin Victor Hugo na 1862, kuma tsakiyarsa boren da aka yi a Paris ne a watan Yunin 1832, lokacin da ɗalibai da leburori suka tare tituna da katako da duwatsu bayan jana'izar Janar Lamarque, sojojin sarki suka murƙushe su cikin kwana biyu. Saurayin da ke fitowa a matsayin ɗaya daga cikin ɗaliban nan yana mutuwa a kan shingen sau takwas a kowane mako, domin haka tsarin aikin yake a manyan gidajen wasan Amurka. Yana shafe kusan awa uku yana kira da muryarsa cewa talaka ya tashi, yana kallon yaron da ke tsince musu harsasai ana harbe shi, sannan ya wanke fuska ya dawo gobe ya maimaita. Wata shida, shekara guda, wani ma shekara uku. Wanda ya ce mutum zai iya yin wannan zuciyarsa tana nan fayau kamar ta mai sayar da tikiti, to bai taɓa haddace ko da baiti ɗaya ya tsaya gaban jama'a ba.

Na taɓa zama a wajen gwajin wani wasan ɗalibai mai waƙe-waƙe a kan zuwan Turawa ƙasar Hausa. Yaron da aka ba matsayin hafsan Bature yaro ne mai ladabi, irin wanda ba ya wuce babba bai durƙusa ba. A wurin da zai daka wa wani dattijo tsawa ya sa a tuɓe masa rawani, sai muryarsa ta riƙa noƙewa, malamin yana cewa, “Ƙara, ɗana, ƙara, har yanzu kunyarsa kake ji.” A karo na shida ya yi ta yadda ake so, ɗakin ya yi tsit, mai kalangu ma ya manta da shigarsa. Da aka tashi sai na gan shi a bayan aji shi kaɗai, hular kwanon da aka yi masa da kwali tana kan cinyarsa, an miƙa masa ruwa ya ce a bari tukuna. Can ya je ya sami wanda ya fito a dattijon, sa'ansa ne fa, ya ce masa, “Don Allah ka yafe ni.” Wasan kwana ɗaya ke nan, a makaranta, ba ko sisi.

Yanzu a ɗauki wannan nauyi a kai shi Hamilton, wasan da ya buɗe a New York a 2015, inda da gangan aka ba baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka matsayin mutanen da suka kafa ƙasar Amurka. Daveed Diggs, baƙar fata, shi ya fito a Thomas Jefferson, mutumin da ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Christopher Jackson ya fito a George Washington, wanda a shekarar rasuwarsa, 1799, akwai bayi fiye da 300 a gandunsa na Mount Vernon. Aikinsu shi ne su sa 'yan kallo su ƙaunaci waɗannan mutane, su yi musu tafi, alhali sun san da a wancan zamani suke da a gona za a same su, a ƙarƙashin bulala. Jackson ya sha bayyanawa a fili cewa wannan abu ya dame shi, kuma bai nemi ya wanke Washington daga laifin ba. Irin wannan mutum ne ake cewa ba shi da bakin magana a kan wanda zai yi wa wasa da inda zai yi shi.

Mu nan da Sarafina muka fi sabawa, ta hanyar fim ɗin 1992, amma a dandamali ta fara, a Johannesburg a 1987, kafin ta isa New York. Mbongeni Ngema, wanda ya tsara wasan, ya tara matasa ne daga unguwannin baƙaƙen fata, Leleti Khumalo tana da shekara 17 a lokacin, suka riƙa kwaikwayon ɗaliban Soweto da 'yan sanda suka buɗe wa wuta tun daga 16 ga Yunin 1976. A lokacin Afirka ta Kudu tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, Nelson Mandela yana kurkuku, ba a sake shi ba sai Fabrairun 1990, buga hotonsa ma laifi ne, ga yarinya a kan dandamali tana kwaikwayonsa a ranar da zai fito. Waɗannan yara sun san ƙaurin barkonon tsohuwa tun kafin a koya musu rawa. Abin da ya sa duniya ta miƙe tsaye ta yi musu tafi shi ne an ga abin daga cikinsu yake fitowa. Ba za a yaba wa ɗan wasa don ya zuba ransa a cikin aiki, sannan a hukunta shi ranar da ran nan ya ce a'a ba.

Masu cewa 'yan kallo sun biya kuɗinsu suna da amsa a gabansu: kowane babban wasa yana da 'yan ko-ta-kwana da suka haddace matsayin, kuma a daren 11 ga Yuni an ɗaga labule an yi wasan har ƙarshe. Masu cewa gidan wasa wurin nishaɗi ne kawai kuwa, su fara gaya wa wanda ya kori shugabannin cibiyar ya naɗa kansa.

An yi irin wannan hayaniya a watan Nuwamban 2016, lokacin da Mike Pence, zaɓaɓɓen mataimakin shugaban ƙasa, ya je kallon Hamilton. Bayan an gama wasan, Brandon Victor Dixon ya karanta masa gajeren saƙo cikin girmamawa a madadin abokan aikinsa, yana roƙon sabuwar gwamnati ta kare haƙƙin kowa. Trump ya nemi a ba da haƙuri. Pence da kansa ya ce shi bai ji haushi ba. Da 'yan wasa suka yi magana an ce sun wuce gona da iri, da wasunsu suka janye jiki shiru a 2025 an ce a fallasa su, da masu shirya Hamilton suka soke zuwansu cibiyar da aka tsara a 2026 an ce neman suna ne. To wace hanya ta rage musu? Abin da ake so a fili yake: a zo a rera wa mai mulki waƙar juyin juya hali yana zaune a kujerar alfarma, a rusuna masa, a tafi. Wannan raini ne, kuma rainin ya shafi matattun da ake sa rigarsu kamar yadda ya shafi masu sa ta.

Ba baƙon hali ba ne a wurinmu. A ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley kusa da Inugu. Hubert Ogunde, fitaccen mai shirya wasan kwaikwayo, ya mayar da kisan wasa mai kiɗa da waƙa, Bread and Bullet, ya zaga da shi ƙasa, kuma da ya iso Kano hukuma ta hana shi. A 1964 gwamnatin Firimiya Akintola ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a Jihar Yamma baki ɗaya, sai a 1966 aka ɗage. Waɗancan masu mulki aƙalla sun yarda ɗan wasa yana nufin abin da yake faɗa, shi ya sa suka ji tsoronsa. Na yau suna so su more waƙar, su kuma musanta cewa mai rera ta mutum ne.

Ko ta fuskar kuɗi ma hujjar ɗan kwangila ta riga ta faɗi. A 2016 masu shirya Hamilton sun amince su ba 'yan wasan farko kaso daga ribar, bayan sun dage cewa da su aka gina wasan tun yana ɗanye, a ɗakin gwaji, ana sauya baiti ana gyara taku a kan jikinsu da muryoyinsu. Wanda aka yarda yana da hannu a ƙirar abu, yana da ta cewa a kansa. Ya kamata ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta Amurka ta sa a rubuta wannan 'yanci na janye jiki cikin yarjejeniyar aiki, yadda ba zai dogara da alherin wani furodusa ba, kuma a ɗauki barazanar tara sunaye a matsayin laifi. Amurka ta taɓa tara irin waɗannan sunaye na masu fasahar da aka hana aiki saboda ra'ayinsu daga 1947 zuwa ƙarshen shekarun 1950, kuma Paul Robeson, mawaƙi ɗan wasa da ya cika manyan zauruka a Landan da New York, ya yi shekara takwas ba fasfo a hannunsa saboda abin da ya faɗa da bakinsa.