Begilar 15 ga Janairu ba ta kiran sunan farar hula

Wanda ya taɓa bi ta ƙofar barikin Chindit da ke Zariya ranar faretin yaye kurata ya ga abin da na gani. Mata tsaye cikin rana tun hantsi, wasu daga garuruwa masu nisa, kulolin abinci a hannu. Akwai wata dattijuwa da ɗanta ya zo ya ƙame a gabanta, kai a aske tal, ya rame ya yi baƙi bayan wata shida na horo. Kallonsa kawai take yi sai da ya ce, "Inna, ni ne fa." Ta shafa kakin nan, ta fashe da kuka.

Tun 1924 ake horar da kurata a Zariya. Sunan barikin ma daga dazukan Burma ya samo asali, inda kakanninmu suka taya Ingila yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara ɗari ke nan, amma gidan da ke ba da kurtu bai canza ba: gidan manomi ne, da na tela, da na mai gadi. Ban ce yaran nan ba su da kishin ƙasa ba, ai da jininsu suke biya. Sai dai da wuya ka ga ɗan mai hali a layin nan. Shi jami'a ake nema masa, in ma sojan ne, to hafsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, idan yaƙin ya juyo kan farar hula, irin waɗannan gidajen dai yake faɗa wa. Matasan da suka tashi a Maiduguri a 2013 da gora da adda suka tunkari Boko Haram ba 'ya'yan manya ba ne. A watan Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. Nan kusa da mu, a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 suna tsakiyar Mauludi, yawancinsu mata da yara.

Duk 15 ga Janairu ana busa begila, manya su ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya. Sun cancanta, Allah Ya jiƙansu. To manomin da aka yanka a gonarsa don ya nuna wa soja hanya fa? Matar sojan da ta fita takaba tana yawon ofisoshi da marayu tana bin haƙƙin mijinta fa?

Ina roƙon gwamnatin Kaduna ta fara daga gida. A tattara sunayen mutanen Tudun Biri ɗaya bayan ɗaya, a karanta su a wurin faretin 15 ga Janairu, a gaban iyalansu.